Bushiya a Bakin Rami

Shekara ashirin da uku Mai Fenti ya yi yana zana alluna, kuma duk wanda ya bi layin kasuwa daga gidan mai zuwa tasha ya ga aikin hannunsa ko bai sani ba. Shi ya zana kawunan nan shida na ƙofar mai aski, shi ya zana kazar da ke dariya a bangon mai ƙwai, shi ya zana haƙorin nan mai girman buhu da yara ke tsoron wucewa ta gabansa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai gyaran agogo, kullum cikin warin kananzir, gwangwanaye jere a ƙasa kowanne da burushi a tsome.

Yana da yaya mace, nas ce a ɗakin yara na asibiti. Ta girme shi da shekara tara, kuma har gobe Auta take ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Wata Talata da rana ta taso daga aiki ta biyo ta shagon, ta ture gwangwani da ƙafa, ta zauna a kan bencinsa ba tare da ta duba ko akwai ɗanyen fenti ba. Ta buɗe jaka ta ciro wani littafi a naɗe cikin leda.

Littafin hotuna ne na yara, amma ya sha wuya. Bangonsa ya tafi, gefen takardun ya yi laushi kamar tsumma, an liƙe tsakiyarsa da filastar asibiti har sau uku. 'Yan kalmomin da ke ƙarƙashin hotunan da wani harshe aka rubuta su, ba wanda ya iya karanta shi a ɗakin, har likitoci. Yaya ta ce a cikin wani kwalin kyauta ya zo tun shekarun baya, kuma tun zuwansa ba shi da ƙarshe. Labarin jaki ne da bushiya, abokan juna. Suna tafiya cikin daji, jakin ya rufta wani rami mai zurfi, bushiyar ta tsaya a bakin ramin tana leƙe. A nan takardun suka ƙare.

Abin da take so shi ne ya zana mata shafi huɗu, ya rufe labarin. Ya ce shi ba ya zanen yara. Ta ce ai haƙorinsa ma yara ne kaɗai ke kallo. Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta dubi allo ɗaya tilo da ke jingine a bango, ta dube shi, ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce Juma'a za ta jira shi, kada ya sa ta kunya.

Bai ɗauki abin da zafi ba. Ya duba littafin sau ɗaya, ya ga ba wani abu ba ne mai wuya. Ya yanko farin kwali, cikin yini biyu ya gama. Bushiya ta ruga gari, ta jawo wani manomi ta bakin wando, manomi ya zo da igiya, aka ciro jaki, kowa yana murna. Manomin ya fito ƙwarai, da hula da gashin baki, har mai gyaran agogo ya leƙo ya ce ya yi kama da surukinsa.

Ranar Juma'a da yamma ya shiga ɗakin yaran karo na farko a rayuwarsa. Dogon ɗaki ne, gado takwas a dama, takwas a hagu, da fanka biyu, ɗaya na juyawa ɗaya ta gaji. Iyaye mata na zaune a gefen gadaje, wasu na fifita, wasu na gyangyaɗi. Yaya ta wuce da shi kai tsaye zuwa gado na ƙarshe, inda wata yarinya 'yar shekara tara ke kwance, ƙafarta ta hagu a miƙe, an ɗaura mata igiya da nauyi yana reto a ƙarshen gadon. Mota ce ta buge ta, ƙashin cinya ya ƙi haɗuwa da wuri. Wata huɗu ke nan tana nan, ta fi kowane yaro daɗewa, ta san sunan kowane magani da lokacin kowace allura. Shi ya sa ake ce mata Uwar Ɗaki, tun ana faɗa da wasa har sunan ya bi ta.

Ta gaishe shi da Kawu, tunda ƙanen Anti ne, kamar yadda yaran ke kiran Yaya. Yaran da ke iya tafiya suka taru, wani da tari, wata da bandeji a ka, wani yana jan ƙarfen ƙarin ruwansa. Mai Fenti ya mayar mata da tsohon littafin, ya baje kwalayen a kan bargo yana jiran abin da ya saba ji idan ya kai aiki.

Uwar Ɗaki ta ɗauki shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta duba kowanne a tsanake, ta jera su, sannan ta ce zanen ya yi kyau sosai, Allah ya saka. Daga yadda ta faɗa ya gane da sauran magana.

"Amma Kawu, wannan mutumin daga ina ya fito?"

Ya ce daga gari.

"Ai babu mutum a littafin nan. Duba ka gani."

Ta miƙa masa tsohon littafin. Ya buɗe daga farko har ƙarshe. Gaskiyarta. Babu mutum, babu gida, babu gona, babu ko hayaƙi a nesa. Ya ce to ai ba laifi, bushiyar ta yi gudu mai nisa ne har ta samo shi. Yaron nan mai tari ya ƙyalƙyale da dariya har tarin ya taso masa. Uwar Ɗaki ta harare shi ya yi shiru, sannan ta ce a hankali, kamar mai gudun kada ta ba babba kunya, bushiyar ba ta iya gudu. Ta ɗora yatsa a shafi na uku, a kan yashi, bayan bushiyar. Ya sunkuya. Sawun ƙafa uku ne, da wani siririn layi a gefensu, inda ƙafa ta huɗu ke jan ƙasa. Ya juya shafi. Sawu uku da layi. Ya sake juyawa. Haka har bakin ramin.

Shi da ya yi shekara ashirin da uku yana riƙe da burushi, ya kalli hotunan nan bai ga wannan ba.

Daga nan yaran suka karɓe shi. Kowa na so ya nuna masa nasa. Mai bandeji a ka ta nuna masa tururuwa a kusurwar ƙasa: guda biyu a shafin farko, biyar a na biyu, kafin a kai ramin sun zama layi mai tsawo, kuma duk hanyar da abokan suka bi suke bi. Mai tari ya nuna masa idanu biyu a cikin duhun saiwar wata bishiya, ya ce gafiya ce, ta ga lokacin da jakin ya faɗa. Akwai kurciya a kowane shafi, wani lokaci wutsiyarta kawai ake gani. Mai Fenti ya samu kansa durƙushe a kan siminti, gwiwarsa na ciwo bai kula ba, yana bin ƙananan yatsu daga wannan lungu zuwa wancan. Ya yi ta tunanin mutumin da ya zana littafin, ko macen, a wata ƙasa da bai sani ba, wanda ya zauna ya ɓoye waɗannan abubuwa cikin ciyawa da inuwa, bai san ko wani zai taɓa gani ba. Ga shi kuwa an gani, ba a bar ko ɗaya ba.

Uwar Ɗaki ta ajiye nata sai ƙarshe. Ta ce ya kalli kunnuwan jakin. Duk shafin da yake ganin bushiyar, kunnuwansa a tsaye suke. Shafi ɗaya da ta ɓace masa a cikin ciyawa, sun kwanta. A shafin ƙarshe, can ƙasan ramin, cikin duhu, kunne ɗaya ya kwanta, ɗaya yana tsaye, yana fuskantar inda take leƙowa.

"In ta tafi neman wani, wannan ma zai kwanta," in ji ta. "Shi ya sa ba ta tafi ko'ina ba."

Ya tambaye ta to yaya aka yi jakin ya fito. Sai a lokacin ya gane cewa littafin yana da ƙarshe tuntuni, ba a kan takarda yake ba kawai. Yaran suka ba shi, suna katse juna, suna gyara wa juna. Bushiya ta zauna a bakin rami tana yi wa jaki hira don kada ya ji tsoro. Ta gaya wa tururuwa, tururuwa suka gaya wa gafiya, kurciya ta kai labari ga duk mai farce a dajin. Ba daga sama suka ja shi ba, don ba su da ƙarfin haka. Daga can gefe suka fara tono, suna yin gangara a hankali zuwa ƙasan ramin. Kurciya na jefa masa ganye ya ci. Kullum sai ya tambaya ko an kusa, kullum bushiya ta gaya masa gaskiya, ta ce da saura, amma an fi jiya. Ranar da gangarar ta isa, jakin da ƙafarsa ya tako ya fito.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kowane yanki da mai shi. Maganar gangara, in ji su, ta wani yaro ce da ya kwanta a gadon taga, an sallame shi tun kafin Uwar Ɗaki ta zo, ba wanda ya san fuskarsa a cikinsu. Ganyen kurciya na wata yarinya ce da ba ta iya cin abinci. Ita Uwar Ɗaki a bakin wata ta karɓi labarin, wadda ita ma a bakin wani ta karɓa. Ya ɗaga kai ya dubi yayarsa. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita tana jin suna surutu da littafin, amma da aiki a gabanta ba ta taɓa tsayawa ta ji ƙarshensa ba. Fuskarta ita ma ta canza.

Suna cikin haka aka shigo da wata 'yar ƙaramar yarinya, ba za ta wuce shekara huɗu ba, zazzaɓi ya galabaitar da ita. Aka kwantar da ita a gadon bakin ƙofa, aka sa mata ƙarin ruwa, aka aiki uwar ta karɓo magani. Uwar na fita yarinyar ta fasa kuka, irin kukan da ba na ciwo ba, na wanda ya waiga bai ga kowa nasa ba. Yaya ta je tana lallashi, a banza.

Uwar Ɗaki ta rufe tsohon littafin ta miƙa wa na gadon kusa da ita. Shi ya miƙa wa na gaba. Haka littafin ya bi gadaje bakwai, hannu zuwa hannu, inda yaro ba ya iya ɗagawa uwarsa ta karɓa ta miƙa, ba wanda ya tambayi dalili, har ya isa gadon ƙofa. Mai bandeji ta bi shi ta buɗe shafin farko a gaban yarinyar. Daga can ƙarshen ɗakin Uwar Ɗaki ta ɗaga murya ta fara ba da labarin, ba littafi a hannunta, ba ta ma ganinsa, amma ta san daidai inda za ta dakata a juya shafi. Kukan ya ragu ya koma ajiyar zuciya. Da aka zo wurin tururuwa, sai ga ɗan yatsa ya fito daga cikin zanen da aka lulluɓe ta da shi ya taɓa takardar. Ɗakin ya yi tsit, har masu gyangyaɗi sun farka suna saurare, kamar ba su ji shi sau hamsin ba. Kafin uwar ta dawo da ledar magani, yarinyar na tambaya ko jakin zai mutu, yara huɗu suka amsa mata a tare cewa ba zai mutu ba.

Mai Fenti na tsaye a tsakiyar ɗakin, kwalayensa huɗu a hammata. Ya rasa inda zai sa idonsa. Da abin ya lafa ya koma gadon ƙarshe ya tambayi Uwar Ɗaki kwana nawa jakin ya yi a ramin, don ya san yawan shafin da zai zana. Ta ce ya danganta da wanda ake ba wa labarin. In likita ya ce yaro kwana uku zai yi, jaki ma kwana uku. In mako biyu ne, mako biyu.

"Ke fa?"

"Nawa bai fito ba tukuna," ta ce, tana gyara matashinta. "Amma ka zana fitowar, Kawu. Ƙananan suna son su gani da ido."

A hanyar komawa ya wuce shagonsa har ya kai tasha kafin ya farga. Washegari ya ajiye fentin mai, ya je wurin mai sayar da kayan makaranta ya sayo fensir da kalar ruwa da ƙananan burusai irin waɗanda bai taɓa riƙewa ba. Hannunsa ya saba da manyan haruffa da ake hangowa daga tsallaken titi, yanzu ga shi yana fama da ƙafar tururuwa. Ya ɓata kwali ya fi goma. Mai walda ya leƙo ya gan shi da tabaran mai gyaran agogo a ido, hancinsa na kusan taɓa takarda, ya tambaya ko sana'a ya canza. Ya ce koyo ya koma.

Kullum bayan la'asar sai ya rufe shago ya tafi asibiti da abin da ya zana. Ba su raga masa ba. Gafiyarsa ta farko, suka ce ta yi kama da kyanwa mai ciki. Ƙayar bushiya ta yi tsini da yawa, wa zai yarda ya yi hira da ita? Sau biyu ya manta layin ƙafar da ke jan ƙasa, sau biyu aka mayar masa. Wata rana ya zana jakin yana murmushi a kwana na biyu, mai tari ya ce ƙarya ne, ba a murmushi a kwana na biyu, a kwana na biyu ne aka fi jin haushi. Mai Fenti ya goge murmushin. Bai taɓa samun masu ba da aiki da suka wahalar da shi haka ba, bai kuma taɓa ɗokin kai aiki haka ba.

Shafi huɗu ya zama goma sha ɗaya. Shafukan tono ya yi su iri-iri, yadda mai ba da labari zai iya tsallakewa ko ya daɗe a kai gwargwadon bukata. Ya kai wa wani tsoho mai ɗinkin littattafai a bayan kasuwa, ya tsaya a kansa har ya ɗinke tsohon littafin da sababbin shafukan wuri ɗaya, ya sa bango mai kauri da za a iya gogewa da tsumma. Filastar asibitin nan ya ce a bar ta inda take.

Ranar da ya kai littafin, an kwance wa Uwar Ɗaki igiya kwana biyu da suka wuce, tana zaune a bakin gado da sanduna biyu a gefe, ƙafar ta rame kamar ba tata ba. Ta buɗe ta bi shi shafi-shafi. A shafin fitowa ta daɗe. Ya zana jakin rabinsa a cikin inuwa rabinsa a rana, ya rufe ido saboda haske, dabbobin duk sun yi butu-butu da ƙasa, bushiya kuwa barci ya kwashe ta a bakin ramin. Ba wanda ya gaya masa wannan, shi ya ƙara da kansa. Ta ɗago ta dube shi.

"Ta gaji ne," ya ce. "Ta daɗe tana magana."

Ta gyaɗa kai, ta ce wannan yankin nasa ne, za a riƙa faɗa cewa na Kawu ne. Ya juya ya yi kamar yana duban fankar da ba ta juyawa.

Bayan mako guda aka sallami Uwar Ɗaki. Bai samu zuwa ba, yana can kan tsani yana rubuta sunan wani sabon kanti. Yaya ce ta ba shi labari, ta ce sai da yarinyar ta bi gado-gado da sandunanta, ta kuma sa mai bandeji ta maimaita labarin sau biyu a gabanta kafin ta yarda ta bi mahaifinta.

Ya yi kusan wata bai leƙa ba. Ranar da ya je kai wa Yaya saƙo, bai san fuska ko ɗaya a gadajen ba. Littafin na hannun wata baƙuwar yarinya mai kumburarren kumatu, gefen bangon har ya fara baƙi. Da Yaya ta gaya mata ga wanda ya zana ƙarshen, ba ta yi wani murna ba. Ta buɗe shafin fitowa ta juyo masa da shi, ta ce tana da tambaya, ta tambayi kowa ba a ba ta amsa ba.

"Da suka tafi, wa ya rufe ramin? Ko haka suka bar shi wani ya zo ya faɗa?"

Mai Fenti ya kalli zanen nasa. Ga ramin nan a buɗe, baƙi ƙirin, a tsakiyar hanya. Shekaru littafin na yawo a ɗakin nan, yara nawa suka wuce ta kansa, shi kansa ya yi kwanaki yana kallon ramin, ba wanda abin ya zo wa a rai.

Ya ce wa Yaya ta samo masa takarda. Ta ce wace takarda kuma a nan, ta dai laluba aljihun tebur ta ciro tsohon jadawalin aiki na watan jiya, ta juya masa bayansa, ta zaro biro daga aljihun rigarta. Ya jawo kujerar masu jinya ya zauna a gefen gadon, ya ɗora takardar a gwiwa, ya tambayi yarinyar wa take ganin zai fara kawo ƙasa.